Sakamakon fidda gwani ba a karɓarsa ta waya

Yanzu da na bar ɗakin labarai, ga abin da zan bar wa masu shigowa ƙananan gidajen rediyo game da kakar fidda gwani. Babban zaɓe yana da sauƙi a wajen ɗan rediyo, domin hukuma ɗaya ce ke da ikon faɗin sakamako. Fidda gwani kuwa harka ce ta cikin gidan jam'iyya, kuma a rana ɗaya ana iya samun mutum biyu kowa na riƙe da takarda yana cewa shi ne ɗan takara.

Wanda ya yi aiki a Kano a 2021 da 2022 ya san haka. Jam'iyyar APC ta yi taron zaɓen shugabanni gida biyu, ɓangaren Ganduje da Abdullahi Abbas, ɓangaren Shekarau da Ahmadu Haruna Zago. Wata kotu a Abuja ta ba ɓangaren Shekarau gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe, sai a watan Mayun 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɓangaren Ganduje. A Yobe ta Arewa, Bashir Machina ya ci fidda gwanin sanata, jam'iyya ta miƙa sunan Ahmad Lawan, kotuna biyu suka ba Machina, Kotun Ƙoli ta mayar wa Lawan a Fabrairun 2023. Duk gidan da ya yi gaggawar cewa "wane ne ɗan takara" a irin wannan tafiya, sai ya haɗiye maganarsa sau biyu ko uku.

To, matsalar ba a wajen wakilin da ke filin take farawa ba. Tana farawa ne a ofishin manaja. A kakar siyasa kuɗin man janareta da albashi daga shirye-shiryen da 'yan siyasa suka saya suke fitowa, kowa ya san wannan. Sai ƙarfe goma na dare ta yi, ana shirin labaran ƙarshe, ba a ma gama tantance daliget, wato 'yan jam'iyyar da za su jefa ƙuri'a, a filin ba, mai ɗaukar nauyin shiri ya bugo wa manaja cewa an gama a wani otal, maigidansa ya lashe. Manaja ya leƙo sutudiyo ya ce, "A sa, ni na tabbatar." Edita ya ce babu murya, babu takarda. A ce masa ba shi ke biyan albashi ba. A karanta. Da gari ya waye ɗaya ɓangaren ya zo da lauya da barazanar kai ƙara hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, sai manajan nan ya manta da cewa ya taɓa leƙowa. Takardar gargaɗi ta faɗa kan yaron da ya kwana a filin da rakoda, wanda bai aiko da wannan labari ba sam. Na ga an yi haka, kuma yaron ne aka dakatar, manajan yana nan kan kujerarsa har yau ana kiransa gogagge.

Maganinsa ɗaya ne: duk umarnin da ya saɓa wa abin da wakili ya aiko, a nemi a rubuce. Ba da rashin kunya ba. "Ranka ya daɗe, a turo mini ta WhatsApp don in sa a fayil." Mafi yawansu daga nan suke janyewa. Wanda bai janye ba, a rubuta a littafin aiki na ranar: lokaci, wanda ya ba da umarni, da ainihin jimlar da aka karanta.

Kafin kalmar "ya lashe" ta fita a iska, abu uku nake so a hannu. Na farko, muryar shugaban kwamitin da uwar jam'iyya ta turo daga Abuja yana karanta ƙuri'u, ba muryar shugaban jam'iyya na jiha ba, balle kakakin ɗan takara. Na biyu, shaidar cewa jami'an hukumar zaɓe ta INEC suna wurin. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce jam'iyya ta sanar da hukumar aƙalla kwana 21 kafin taron, hukumar kuma ta sa ido, don haka tambayar farko da wakili zai yi da isarsa ita ce ko nan ne wurin da aka sanar. Na uku, lissafi. A fidda gwanin gwamna na APC a 2022 daliget biyar ne daga kowace mazaɓa, Kano kuma tana da mazaɓu 484, ke nan 2,420. Wakili ya rubuta adadin da aka tantance tun kafin a fara jefa ƙuri'a, in aka gama ya haɗa na kowa da waɗanda suka lalace. Idan jimla ta haura waɗanda aka tantance, wannan shi ne labarin. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya rasa, abin da za a karanta shi ne "ɓangaren wane ya ayyana", kuma a faɗi cewa akwai wani taron a wani wuri.

Maslaha ma tana da tarko. A dokar 2022 sai duk 'yan takarar da aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye. Don haka in aka ce an yi maslaha, a kira waɗanda aka ce sun janye ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa wani a rediyo zai fara jin cewa ya janye. A kuma bi kotun tarayya a makonni biyun da ke biye, domin kwana 14 ne wa'adin shigar da ƙarar da ta shafi kafin zaɓe.

Sojojin baka ba a barinsu kai tsaye. A naɗa, a saurara, a yanke zagi da ƙazafi, a ajiye asalin faifan na kwana 90, a faɗa a farko da ƙarshe cewa shirin saye ne. Habaici ya fi zagi wahalar kamawa, sai furodusa ɗan gari wanda ya san wa ake nufi da wane laƙabi.

Sauran ƙanana ne. Ana kiran taro da safe, tantancewa sai la'asar, ƙidaya sai bayan sha biyun dare, saboda haka fawa bank biyu da layin waya biyu. Kada a tura mutum ɗaya inda 'yan jagaliya suka tare ƙofa. Kada wakili ya hau motar ɗan takara, ko da gidan bai ba shi kuɗin mota ba, kuma yawanci ba ya bayarwa. Na goro da ake rabawa a ƙarshen taro, kowa ya san abin da ake saye da shi.

Fidda gwanin 2022 ya faɗo a Mayu da farkon Yuni, daidai lokacin da manomi ke tambayar farashin taki, unguwanni ke kukan magudanan ruwa kafin damina ta kankama. Waɗannan shirye-shirye su ake fara turewa don a sayar da lokacinsu. Wanda ke da ta cewa a jadawali ya riƙe ko da rabin sa'a ne, ya kuma sa a yi wa masu neman kujerar majalisar jiha waɗannan tambayoyin, a naɗa amsarsu a ajiye da kwanan wata.