Muryar yarinyar layin baya

Yau a aji ɗaya na ƙaramar sakandare na haɗa 'yar sifika da wayata, na ce kowa zai faɗi "pan" da "fan" in ɗauki muryarsa. Kun san halinmu Hausawa, harshenmu bai raba p da f ba, shi ya sa "people" take fitowa "fiful" a bakin yara, har da mu manyan wani lokaci. Na raba musu guntayen takarda, kowa ya riƙe a gaban bakinsa. In p ce ta gaskiya, sai leɓɓa sun haɗu sun buɗe da ƙarfi, takardar ta yi tsalle. Aji ya kaure da dariya, ana ta fesa wa juna yawu.

Akwai wata yarinya a layin baya, tun farkon zango ban taɓa jin ta furta kalmar Turanci ba. Da layi ya zo kanta, ta sunkuyar da kai cikin hijabi, ta faɗa ƙasa-ƙasa. Na kunna, muryarta ta fito ta sifika tar, "pan" ɗinta ya fi na kowa. Ta zaro ido ta ce, "Malam, ni ce wannan?" Na ce ke ce mana. Ta ce don Allah in sake sa mata. Sau uku na sa kafin caji ya ƙare, don tun jiya ba a kawo wuta ba. Ina cikin adaidaita sahu zan koma gida ina ta lissafin shekarun da na yi ina cika allo da rubutu, ban taɓa bari yaran nan sun ji muryarsu ba.