"Babu wani ƙarin kuɗi": layin da ya dawo mini da littattafaina daga Turai

Har yau zan iya karanto layin nan da ka. "Littafi ba shi da kuɗin fito, saboda haka abin da ka biya a nan shi ke nan, babu wani ƙarin kuɗi." Ni na rubuta shi da hannuna a ƙasan shafin da ake yin odar sabon littafinmu, a watan Agustan 2021, kuma a lokacin gani nake alheri nake yi wa masu saye, ina kwantar musu da hankali. Mu biyu ne kacal a kamfanin, ni da abokin aikina, kuma a shekara ba ma wuce littafi uku ko huɗu. Wannan ne karo na farko da oda ta zo mana da yawa daga ƙasashen waje tun kafin littafi ya fito daga maɗaba'a, mafi yawanta daga Jamus, Faransa da Italiya. Murna ta hana ni tsayawa in sake bincika abin da na ɗauka na riga na sani.

Ba ƙirƙirar maganar na yi ba, tana da tushe. Akwai yarjejeniyar Florence da hukumar UNESCO ta amince da ita a 1950, wadda ƙasashen da suka sa hannu suka ɗau alkawarin ba za su ɗora wa littattafai kuɗin fito ba. Ga shi kuma na sha aika littafi Birtaniya, inda ba a karɓar harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan cinikin kaya, a kan bugaggen littafi, na sha aikawa Amurka, inda a wancan lokaci kayan da ba su wuce dala 800 ba suke shiga kai tsaye. Ko Turai ma na taɓa aika ɗai-ɗai a shekarun baya, ba wanda ya taɓa cewa an tambaye shi komai. Abin da ban sani ba shi ne dalilin wannan sauƙin. A da, Tarayyar Turai tana yafe VAT ne ga kayan da darajarsu ba ta wuce yuro 22 ba, kuma littafi guda yakan faɗa ƙarƙashin haka. Ranar 1 ga Yulin 2021 aka soke wannan rangwame. Ni kuma na rubuta layina bayan sati shida ko bakwai da sokewar.

Kuɗin fito daban, VAT daban. Yarjejeniyar Florence ta hana na farko, amma ba ta hana ƙasa karɓar harajin cikin gida irin wanda take karɓa a kan littafin da aka buga a cikinta ba. Duk asarar da na yi a wannan tsakanin take.

Saƙon farko daga wani dattijo ne da ya daɗe yana koyarwa a Jamus, wanda ya saba sayen littattafanmu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi: "Malam, ma'aikacin gidan waya ya zo da ƙunshin, ya ce sai na biya kafin ya miƙa mini. Na biya. Amma kai ka rubuta cewa babu ƙarin kuɗi, ni kuma da maganarka na sa ɗalibaina biyar suka yi oda. Yanzu me zan ce musu?" Ya haɗo da hoton rasit. Harajin kansa bai taka kara ya karya ba, don a Jamus kashi 7 cikin 100 ne a kan littafi, ko da yake ana lissafa shi ne a kan kuɗin littafin haɗe da kuɗin aike. Wanda ya fi ciwo shi ne layi na biyu a rasit ɗin, wato ladan da mai kai saƙo ke karɓa saboda shi ya gabatar da kayan ga kwastan ya biya a madadinka. Wannan ladan tsayayye ne, bai damu da ƙanƙantar harajin ba, kuma a rasit ɗin dattijon ya ninka harajin.

A nan na tafka kuskure na biyu, kuma shi ne wanda har yanzu in na tuna nake jin nauyi. Maimakon in ce a yi haƙuri in bincika, sai na kama kare kaina. Na rubuta masa cewa: "Ranka ya daɗe, ina ganin kuskure suka yi, don littafi ba a biya masa komai," har da yi masa bayanin Florence. Mutumin da ke zaune a ƙasar, rasit a hannunsa, ni da ke nesa nake koya masa dokar garinsu. Bai ba ni amsa ba. Kafin kwana uku saƙonni sun fara zubowa, daga Faransa inda harajin littafi yake kashi 5.5, daga Italiya inda yake kashi 4, kowa da hoton takardarsa, kuma kusan kowa sai ya kwafo layin nan nawa ya liƙa a cikin saƙonsa. Ba abin da ya kai wannan zafi, mutum ya ɗauko maganarka ya ajiye maka ita a gabanka. Da na gane cewa ni ne ban da gaskiya, sai kunya ta rufe ni, na yi kusan mako guda ban amsa wa kowa ba, wai sai na gama fahimtar lamarin tukuna. Shirun nan ya fi harajin ɓarna. Waɗanda da farko tambaya kawai suke yi, a cikin makon nan suka koma masu neman a mayar musu da kuɗinsu.

Wasu kuma ba su ma rubuto ba. An bar musu takarda cewa su je su biya su karɓa, suka ɗauka damfara ce, tunda mai littafin da kansa ya ce babu ƙarin kuɗi. Gaskiyarsu ce, a lokacin saƙonnin 'yan damfara masu cewa "biya ka karɓi kayanka" sun yi yawa. Gidan waya ba ya riƙe ƙunshi har abada, in wa'adi ya cika sai a buga masa tambari a juyo da shi. Haka littattafan suka riƙa dawo mana ɗaya bayan ɗaya har cikin sabuwar shekara, kusurwoyin bango sun lanƙwashe, wasu ruwa ya taɓa su. Kowane ƙunshi da ya dawo, asara uku ce: kuɗin aiken farko ya tafi, littafin ba zai sayu a matsayin sabo ba, sannan ko dai in mayar da kuɗi ko in sake aika wani daga aljihunmu.

Da na zauna na jera rasit ɗin da aka turo mini, sai na ga wani abu da ya ƙara tayar mini da hankali. Mutum biyu a Jamus an caje su kashi 19 ne, ba 7 ba. Laifin yana jikin fom ɗin kwastan na CN22 da na cike. A gurbin bayanin kaya na rubuta abin da ke nufin "bugaggun takardu" kawai, gurbin lambar kaya kuma na bar shi fayau, don ban taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba. Bugaggen littafi lambarsa tana farawa da 4901 a tsarin lambobin kwastan na duniya, littafin hotuna ko na zane na yara kuma 4903. In ba ka faɗa ƙarara cewa littafi ne ba, wanda ke tantancewa ba zai tsaya yi maka hasashe ba, harajin gama-gari zai ɗora. Lamba huɗu da ba za su ɗauke ni daƙiƙa goma ba.

Sai kuma zancen bibiyar ƙunshi a kan hanya. Don in rage wa masu saye kuɗin aike na zaɓi hanya mafi araha, na ga an ba ni lamba mai haruffa da alƙaluma 13, na ɗauka shi ke nan ina da shaida. Ashe harafin farko shi ne magana. Wadda ta fara da R rajista ce, C ƙunshi ne, E saƙon gaggawa ne, tawa kuwa da U take farawa, irin wadda galibi ba ta nuna maka ko an miƙa kaya ga mai shi. Da wasu suka kai ƙara wurin kamfanin da suka biya kuɗi ta hannunsa, aka ce in kawo shaidar isar kaya, ban da abin nunawa. Aka cire kuɗin daga asusunmu. Wasu hanyoyin biyan kuɗi suna ba mai saye har kwana 180 ya shigar da ƙorafi, don haka wata biyar bayan aike ina tsammanin ƙura ta lafa, sai ga wata sabuwa. Ƙa'idar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya kuma ta ba mai aike wata shida ya nemi a binciki saƙon rajista ko ƙunshin da ya ɓata, amma nawa ba sa cikin waɗannan. Guda uku ba su isa ba, ba su dawo ba, har yau.

Abokin aikina ne ya katse shirun. Ya ce, "Yaya, ka daina neman yadda za ka yi musu bayani. Ka ce ka yi kuskure, ka biya." Daren nan muka rubuta wa duk wanda ke Tarayyar Turai, har da waɗanda ƙunshinsu bai isa ba tukuna, cewa layin da ke shafinmu ba daidai ba ne, za a nemi su biya haraji da lada, su karɓi kayan su turo rasit, mu za mu mayar musu. Abin da ya ba ni mamaki, fiye da rabin waɗanda suka amsa cewa suka yi a bar shi, ba sai an mayar ba. Kuɗin ba shi ne damuwarsu ba tun farko. An gaya musu abu, sun ga saɓaninsa a bakin ƙofa, a gaban baƙo, sannan wanda ya gaya musu ya ɓace. Dattijon kuwa waya na buga masa, na ce, "Baba, ni na yi kuskure, kuma na ƙara da musu. A yafe mini." Ya ce ya wuce, amma in rubuta wa ɗaliban nasa da kaina, kada in bar shi da kunyar. Na rubuta musu ɗaya bayan ɗaya.

Daga baya na bi diddigin tsarin IOSS, wanda ke ba mai sayarwa damar karɓar VAT tun a lokacin ciniki kan kayan da ba su wuce yuro 150 ba, ta yadda mai saye ba zai ga kowa da takarda a ƙofarsa ba. Tsari ne mai kyau ga wanda ke aika ɗaruruwa. Amma wanda ke wajen Tarayyar galibi sai ya ɗauki wakili a cikinta, ya riƙa biyansa, ya riƙa miƙa lissafi kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ga mai littafi huɗu a shekara, ladan wakilin zai cinye ribar. Abin da ya fi mana shi ne mu tara oda mu aika kwali guda ga wani mai sayar da littattafai a can, a biya haraji sau ɗaya, shi ya rarraba. Yana cin nasa kason, kuma yana jawo jinkiri, amma tun da muka fara ban sake samun hoton rasit da ƙorafi daga wanda ya bi ta wannan hanyar ba.

Wanda ya ce shi kai tsaye yake so a aika masa, yanzu sai ya karanta wani layin daban kafin ya biya, kuma sai ya danna cewa ya gani: ƙasarka za ta iya neman haraji da ladan mai kai saƙo, ba ma karɓarsu a nan, ba kuma mu ke ƙayyade su ba. Na san layin yana korar wasu, na ga odar da aka fara aka bari a daidai wurin. Na yarda da wannan asarar. Ba na kuma aika komai ƙetare sai da lambar da ke nuna an miƙa, ko da mai saye ya roƙe ni in bi mai araha.

Dokokin kuma ba sa zama wuri ɗaya, abin da ya cuce ni ke nan tun farko. A 13 ga Disambar 2024 Tarayyar Turai ta fara aiki da sabuwar dokar lafiyar kayan masarufi, wadda ke buƙatar a sami wani mai ɗaukar alhakin kaya a cikin Tarayyar, kuma ƙananan masu ɗab'i da dama sun dakatar da aikawa can saboda ita. A 29 ga Agustan 2025 Amurka ta dakatar da rangwamen nan na dala 800, gidajen waya na ƙasashe da yawa suka tsayar da karɓar ƙunshin kaya zuwa can na wani lokaci. Da labarin ya fito, zuciyata ta so ta sake cewa ai littafi ne, ba zai shafe mu ba. Ban saurare ta ba. A ranar na rufe odar Amurka, na rubuta wa mutanen da ke jira cewa ga abin da ke faruwa, wanda ke son kuɗinsa ya faɗa, wanda zai jira ya jira. Mutum ɗaya ne ya karɓi kuɗinsa, ba kuma wanda ya yi fushi.

Duk da haka ladan nan na bakin ƙofa har yanzu yana ci mini rai, don ban ga adalcin a ce kuɗin karɓar haraji ya fi harajin yawa a kan littafi guda ba. Watan jiya ma wani ya ƙi biya, ƙunshin ya dawo. Na tura masa hoton layin da ya danna, na mayar masa da kuɗin littafin ban da na aike, kamar yadda aka rubuta, littafin kuma na sa shi cikin na rangwame saboda bangon ya karye.