Kwikwiyo, benci da ruwan shuwaka

Kwikwiyon da na kawo don gadin gida yana cika wata huɗu ya zama kafinta. Ya fara da tauna ƙafar bencin rumfa, daga nan ya koma kan kujerar tsuguno ta uwargida, wadda ta zo da ita cikin kayan ɗakinta. Ranar ta ce, "Maigida, ko ka san yadda za ka yi da karen nan, ko ka mayar da shi inda ka ɗauko."

Garin barkono na fara barbaɗawa, kuma na yi nadama. Ya shiga masa ido da hanci, ya yini yana atishawa yana murza fuska da ƙafa, sai da na wanke masa da ruwa mai yawa.

Wani likitan dabbobi ne ya fahimtar da ni cewa ba ɓarna ce ta sa shi ba. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, suna zubewa, manya 42 na fitowa zuwa wata shida ko bakwai, dasashinsa na ƙaiƙayi. Ya ambaci wani feshi mai ɗaci, Bitter Apple, amma ban same shi a garinmu ba. Uwargida ta yi dariya ta ce, "Ai da ɗaci ake yaye yaro." Ta tara mini ruwan farko na wankin shuwaka, wanda aka saba zubarwa, na matsa lemun tsami a ciki.

Na jiƙa auduga na ba shi ya lasa tukuna, don ya haɗa warin da ɗacin. Ya tofar, ya girgiza kai, yawu na dalala. Sannan na shafe ƙafafun katakon. Iskar hunturu na busar da shi da wuri, dole safe da yamma, har mako uku. Ranar da na yi kasala, ranar ya koma. Ruwan shuwakar kuma yana barin kore-kore a jikin katako, a gwada a ɓoyayyen gefe kafin a shafa.

Sai dai ɗacin bencin kawai ya tsare. Gogan naka ya koma kan silifas da bakin tabarma. Bai lafa ba sai da na ƙulla masa igiya mai kauri, da tsumma jiƙaƙƙe da nake sanyayawa a firji idan an kawo wuta, ina kuma zagayawa da shi bayan asuba ya gaji. Ƙashin kaza dafaffe kam na hana yara ba shi, yana tsagewa ya soke hanji.

Bencin na nan, bulo ne ke tallafe da ƙafarsa ɗaya.