Ɗakin da muka fitar daga cikin rufin gidanmu a Manchester

Gidanmu a unguwar Levenshulme yake, irin tsofaffin gidajen jan bulo da ke jere manne da juna, bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci ta dama da ta hagu. Ɗakunan kwana biyu ne kacal. Da babbar 'yarmu ta cika shekara goma, uwargida ta ce, "Malam, lokacin raba musu makwanci fa ya yi." Gaskiya ta faɗa, don ƙannenta biyu duk maza ne. Mun zagaya duba manyan gidaje, farashi ya koro mu, ga shi masallaci da makarantar yara duk da ƙafa muke zuwa. Sai hankali ya koma kan sararin nan na ƙarƙashin rufi, inda muke jibge akwatunan tafiya gida.

Ranar da na hau da tef da tocila na auna daga ƙasa zuwa ƙololuwa, na samu mita 2.3. Magina a nan sun fi son kada ya gaza 2.2, saboda sabon daɓe da audugar hana sanyi za su ci nasu rabon. Amma a tsakiya kaɗai mutum ke iya miƙewa, taku biyu gefe sai kai ya bugi katako. Maganin wannan shi ne abin da suke kira doma: a yanke gangaren rufin ta baya, a fitar da wani akwati mai miƙaƙƙen bango da taga da shimfiɗaɗɗen rufi. Ta titi ba ka ganin komai ya sauya.

Dokar Ingila ta sauƙaƙa wannan ɓangaren. Gida irin namu yana iya ƙara kubik mita 40 a rufi ba tare da neman izinin tsara gari ba, wanda ke tsaye shi kaɗai ko irin gidajen da aka gina biyu-biyu manne da juna kuma 50, muddin ginin bai ɗara tsayin rufin asali ba, bai fito ta fuskar titi ba, kuma an ja shi baya da santimita 20 daga bakin rufi. Duk da haka na biya na karɓi takardar ƙaramar hukuma da ke shaida cewa aikin yana kan doka, don ranar sayar da gida lauyan mai saye zai tambaya.

Inda na yi kuskure na farko wajen maƙwabci ne, kuma har yau abin yana damuna. Manyan ƙarafan da za su ɗauki sabon daɓen a cikin bangon da muke tarayya ake cusa kawunansu, kuma wata doka ta 1996 ta wajabta a ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata biyu kafin a taɓa bangon. Na dama mun saba, na je muka sha shayi, na nuna masa zane, ya sa hannu nan take. Na hagu kuwa dattijo ne mai zaman kansa, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu, sai kawai na zura masa takardar ta ƙofa. Ya ga yaren lauyoyi ya tsorata, kwana 14 suka wuce bai amsa ba, wanda a doka ake ɗauka an samu saɓani. Ya ɗauki nasa mai duba gini, kuma ni na biya ladan. A gida ko katanga zan ɗaga ba zan fara ba sai na yi wa maƙwabci sallama. Ban san abin da ya sa na bar wannan tarbiyya a bakin ƙofa ba. Daga baya na je na ba shi haƙuri, ashe tsoronsa kawai kada bututun hayaƙinsa ya tsage.

Abin da ya fi girgiza mu matakala ce. Mu ɗakin sama muke ta mafarki, ba mu tsaya tambayar ta ina za a hau ba. Ana son tazarar kusan mita 2 tsakanin kowane taki da abin da ke saman kai, don haka sai da aka yanki wani ɓangare na ɗakinmu, kabad ɗin uwargida ya tashi. Sannan wani mai duba gini daban, mai tabbatar da an bi ƙa'idar gini, ya zo ya tsaya a falo yana kallon matakalar ƙasa. Wanda ya sayar mana da gidan ya rushe bangon da ke raba ta da falo, abin da ma ya sa muka so gidan, don ranar Sallah mutum ashirin na zama a sake. Mai duba ginin ya ce da zarar gida ya koma hawa uku, dole a samu kariyayyar hanya daga sama har ƙofar fita, wadda za ta jure wuta na minti 30. Aka mayar da bangon. Aka sauya ƙofofin ɗakuna da masu kauri, aka sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, duk a haɗe da juna. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a lissafina na farko. Na ji zafin falon, amma da na tuna yarinya ce za ta kwana can ƙoli, ban yi musu ba.

Sai ruwan sama. Maginin ya ba ni shawarar a kafa rumfar kwano a saman ƙarafan hawa ta rufe gidan gaba ɗaya, na ga kuɗin na ce tampol ya isa. A Manchester! Dare na huɗu da buɗe rufin iska ta yaye tampol ɗin, ƙarfe uku muka farka ruwa na ɗiga kan bargon yara, muna ta jera bokiti da tukwane. Gyaran silin da fenti ya cinye abin da na yi tsimi.

Mun zauna a gidan duk tsawon mako goma da aka yi ana aiki. Makonnin farko da sauƙi, don ta waje ma'aikata ke hawa. Ranar da aka fasa silin don matakala kuwa, baƙar ƙurar shekara ɗari ta sauko har cikin tukunyar miya. Da zan sake, makon nan a gidan 'yan'uwa za mu yi shi.

Yanzu yarinya na da ɗakinta da ɗan banɗaki, tagarta na kallon bayan gidaje da rufinsu na baƙin dutse. Da rani ɗakin yana ɗaukar zafi fiye da yadda muka zata, sai da muka sa labule mai kauri. Da Hajiya ta zo mana ziyara daga Kano mun so sauke ta a can, ta tsaya a gindin matakala ta biyu ta dafa gwiwa ta ce, "A'a, ku bar wa jikata samanta, ni a shimfiɗa mini a ƙasa."