Laraba a Tamale: lissafin man kaɗanya

Darasin yau da ƙungiyar mata masu man kaɗanya a Tamale, arewacin Ghana, ya tsaya kan tambaya ɗaya: nawa kilo ɗaya na mai yake ci kafin ya bar gida? Mun zauna bayan sallar Azahar, lokacin da aikin murhu ya lafa, tsawon awa ɗaya da rabi. In aka wuce haka hankalin kowa ya koma kan girkin dare. Yawancinsu Dagbanci suke yi, manyan kuma suna jin Hausa saboda hulɗa da Zango da kasuwa, don haka Magajiyar ƙungiyar ce take fassara wa sauran.

Kayan aikin su ne sikelin rataye, kwanon awo na kasuwa, tsakuwa, da faranti shida. Babu allo babu littafi, domin kaɗan ne a cikinsu suke rubutu. Kowane faranti na wakiltar abu ɗaya da ake kashe wa kuɗi, kowace tsakuwa sidi biyar ce, kuɗin Ghana.

Mun ɗauki aikin da biyu daga cikinsu suka gama jiya. Ƙwarar kaɗanya kwano goma, da aka ɗora a sikeli kafin a fara ta ba da kilo 25. A farashin da suka ce ana sayarwa a wannan makon, sidi 20 kwano, kuɗinta 200. Injin niƙa ana zuwa sau biyu, ɓarza kafin suya da markaɗe bayanta: 30. Itace 25. Ruwa 10, domin bugun mai yana shan ruwa sosai kuma saye ake yi. Kai kaya inji da dawowa 15. Roba da leda 10. Jimilla 290. Man da ya fito bayan an tafasa an tace ya daskare kilo 8 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙwarar, wanda ba laifi ga aikin hannu. Ke nan kowane kilo ya ci sidi 36 da 'yan kai, ba a ma sa ladan kwana biyu na mutum biyu ba.

Daga nan aka koma ɓangaren sayarwa, kuma a nan ne ɓarakar take. Ba da kilo suke sayarwa ba, curi-curi ne, sidi 2 kowanne. A zatonsu kilo yana ba da curi ashirin, wato sidi 40. Da muka auna curi goma sai ga gram 600, kowanne gram 60 maimakon 50, saboda hannu ne ma'auni kuma kowace tana tsoron a ce nata ƙanana ne. Ga kuma gyara, curi ɗaya kan kowane goma. Gram 660 ke nan a sidi 20, kilo ya dawo sidi 30 da ɗan abu. Kilo 8 zai kawo kamar 242, alhali an kashe 290.

Wata dattijuwa ta ƙi yarda, kuma hujjarta ita ce ta kusan kowa. Ta ce, “Malama, ni ban sayi ƙwara ba, da hannuna na tsinto ta a daji. Sidi 90 na kashe, 242 ya shigo, ina faɗuwar?” Na ce, “Hajiya, da kin kai kwano goman nan kasuwa ba ki hura wuta ba, nawa za a ba ki?” Ta ce ɗari biyu. Muka kwashe tsakuwa goma sha takwas na kuɗin da ta kashe daga cikin cinikin, abin da ya rage 152. Ta yi kwana biyu a bakin wuta, ta tashi da abin da bai kai kuɗin ɗanyar ƙwararta ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi wahalar cirewa a kan duk mai sana'ar da yake samun kayansa daga gona ko daji: abin da ba a fitar da kuɗi an saya ba, ana ɗaukarsa kyauta.

Ban ce su ƙara farashi ba. Kasuwar curi tana da farashin da kowa ya sani, wadda ta ƙara ita kaɗai za ta koma gida da kayanta. Abin da ke hannunsu shi ne ma'auni. Mun samo ƙaramin murfin roba da ke ɗaukar gram 50 daidai, aka amince kowa ta yi amfani da irinsa, gyara kuma sai ga mai sayen ashirin. Zuwa inji a haɗa kayan mutum huɗu a keke mai ƙafa uku ɗaya. Ragowar dusar da ake zubarwa bayan bugu a shanya ta, tana ci da wuta, tana rage itace.

Mun daɗe kan ingancin ƙwara, domin a nan ake rasa mai tun kafin a kai ga inji. Ana tsintar kaɗanya daga wajen Mayu zuwa Agusta, tsakiyar damina, lokacin da shanya ta fi wuya. 'Ya'yan da aka tara aka bari kwanaki ba a dafa ba sukan fara tsiro, man ya yi ɗaci. Wadda aka zuba a buhu da sauran danshi takan yi fumfuna ta yi baƙi a ciki. Wadda aka busar da hayaƙi warinsa yana bin man, masu saye da yawa don fitarwa waje kuma ba sa karɓa. Gwajin mai sauƙi ne: a fasa guda goma daga tsakiyar buhu, ba daga sama ba, a duba launi a sansana. Buhu ya hau katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Suya ma in ta wuce, man ya yi duhu. In ba ta kai ba, bai fita duka.

Rabin awa na ƙarshe na asusu ne. Tsarin da suke bi shi ne wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, ya bazu a Afirka. Mutum 15 zuwa 25, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku dabam, mai ajiye akwatin ba ta riƙe ko ɗaya. Kowane zama mace tana zuba kaso ɗaya zuwa biyar, a buga mata hatimi a katinta. Rance bai wuce ninki uku na abin da ta tara ba, a ƙarshen zagaye, wata tara zuwa shekara, a raba komai har da ribar rance. Matsalar wannan ƙungiya lokaci ne: rabonsu yana faɗowa da rani, sa'ad da ƙwara ta yi tsada, kuɗin ya tafi hidimar gida. Na ba da shawarar a matso da rabon zuwa lokacin da sabuwar ƙwara ta cika kasuwa, a saya a ajiye. Magajiya ta ce sai sun yi shawara, domin wasu da kuɗin makarantar yara suke lissafin rabon. Tana da gaskiya, kuma su ne za su yanke.

Irin wannan ne ya sa nake ganin aikin sa-kai na mako biyu bai isa koyar da sana'a ba. Wanda bai ga farashin ƙwara da damina da kuma rani ba, bai ga rabon asusu ko ɗaya ba, zai ba da shawarar da ba ta zauna ba. Shirin Najeriya na tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, wanda aka kafa a 1987, shekara biyu yake ba mutum. Kuma baƙo kada ya zuba kuɗinsa cikin akwatin, ko da tausayi ya kama shi. Da zarar an san akwai kuɗin baƙo a ciki, biyan rance yakan yi sanyi.

Aikin gida: kowace ta ɗaure kuɗin jari a ƙulli ɗaya, na cefane a wani, duk abin da ta ciro daga jari ta jefa tsakuwa a gwangwani. Laraba mai zuwa za mu ƙirga tsakuwar, mu kuma auna aikin farko da aka yi da sabon murfin.