Tarihin Rayuwata Kashi Na 17: Hunturun Da Kuɗi Suka Yi Ɓatan Dabo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya ne a inda na bar shagon gyaran waya na koma hannun Kawu, ƙanin Innarmu, mai teburin shayi a wajajen Wunti cikin garin Bauchi. Toh yau zamu ɗora, kuma tun yanzu ina roƙon masu jam'iyya su yi haƙuri dani dan akwai siyasa a ciki.

Ƙarshen 2022 ne na fara aikin, daidai shigowar sanyi. Mutanen Jos in muka ce ana sanyi a Bauchi dariya suke mana, toh su je can da nasu, mu dai namu ya ishe mu. Iskar nan ce mai bushewa da take taho da ƙura, hazo ya rufe duwatsun da suka zagaye gari har ka rasa su, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, ka shafa basilin da safe kafin hantsi ka koma fari fat. Aikina tun kafin kiran assalatu ne, in taso daga Jahun da hular sanyi da wata rigar gwanjo da na saya a kasuwar Muda Lawal, in hura gawayi in ɗora tukunya, in jefa citta da kanumfari, kafin a sallame asuba ruwa ya tafasa. Masu gadi ne suke fara zuwa, sai direbobi, sai masu keke napep, kowa hannu a hammata yana cewa yaro haɗa min kauri. Almajirai kuwa ba shayi ke kawo su ba, wutar ce, su zagaye kurfoti suna miƙa hannu. Kawu baya korarsu, sharaɗinsa ɗaya kar a taɓa masa kiret ɗin ƙwai.

Watan farko daɗi ne zalla saboda ƙwallon duniya na Qatar. Mu ba mu je ba, Ghana ta tare mu tun watan Maris, sai duk unguwa ta koma Maroko. Ranar da suka cire Fotugal suka kai kusa da ƙarshe wallahi sai da biredinmu ya ƙare tas, dan akwai gidan kallo bayanmu, ana tashi sai teburinmu. Daren 18 ga Disamba da Ajantina ta ɗauki kofin a bugun fenareti kuwa kusan dambe aka yi tsakanin 'yan Messi da 'yan Ronaldo, alhali ba ma ƙasar Ronaldon aka buga da ita ba, Faransa ce. Ni ɗan Messi ne kuma ban ɓoye ba, har wani ya yi fushi ya daina shan shayinmu ya koma tsallaken titi.

Ana gama ƙwallo sai kamfen ya karɓe fili. Kullum motoci da manyan lasifika suna zagaye shataletalen Wunti, waƙa kan waƙa, yara na binsu a guje cikin ƙura. A nan ne na fara lura da wani abu da har yau yake damuna. A teburinmu an fi yin musu akan waƙar ɗan takara fiye da ɗan takarar. Mutum zai ce maka ai wane ya ci zaɓe ya gama, ka ce da me, ya ce baka ji sabuwar waƙarsa bane? Ka tambaye shi me mutumin ya ce zai yi akan ruwan famfo ko asibiti ko takin zamani, sai ya hau yi maka amshi. Ni fa ina son waƙa, kar a ce bana so, kiɗan ma wani sa'in ina juya ƙwai ina rausayawa, kuma mawaƙi sana'arsa yake, wanda ya biya shi zai yi wa. Amma mawaƙin da ya wasa mutum bara shine zai yi masa zambo bana, murya ɗaya kiɗa ɗaya, mu kuma mu hau rawa duka biyun. 'Yan TikTok suka ɗauka suka ƙara gishiri, wasu 'yan fim da muke kallo suna mana wa'azin tarbiyya a shiri mai dogon zango sai gasu a fosta da hular jam'iyya. Laifin ba nasu bane su kaɗai, mu ne kasuwar.

Kawu shi baya saka baki. In musu ya yi zafi tsakanin 'yan Atiku da 'yan Tinubu da 'yan jar hula, da wani ɗan kudu mai sayar da kayan gyaran mota da yake ta Obi shi kaɗai, sai Kawu ya ce Alhaji a sha shayi kar ya huce. Na taɓa tambayarsa na ce Kawu wai ku wa kuke yi ne, ya ce kai dai wanke kofuna, tun zamanin gwamna Tatari Ali nake jin irin wannan surutun.

Sai ga canjin kuɗi. Tun Oktoba aka sanar za'a sauya 200 da 500 da 1000, tsakiyar Disamba sababbin suka fito, aka ce tsoffin zasu daina aiki 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kwashi tsoffin kuɗinsu suka kai banki cikin biyayya, suka dawo hannu rabbana dan sababbin babu su. Kai jama'a, wanda bai ga wannan lokaci ba bazai gane ba. Mutum da kuɗinsa a asusu amma ba shi da na koko. Mutane na kwana a layin ATM cikin wannan sanyi da bargo da tabarma, ana rubuta lamba a takarda, wani ya kai gaba a ce kuɗi sun ƙare. Masu POS suka zama sarakai, ka nemi dubu biyar a ce caji dubu ɗaya kuma sai ka yi magiya, wai ma alfarma aka maka.

Mu a teburin shayi abin ya zo mana ta ko'ina. Mai biredi yana son tsaba, mai gawayi da yake kawowa daga ƙauye bai san wani taransifa ba kuma baya son ya sani, mai ƙwai haka. Su kuma masu sha kowa sai ya ce bani lambar asusu. Kawu ko wayar shafa bashi da ita, sai aka koma amfani da nawa asusun, shayin naira 150 mutum ya tura, a cire masa a can ni kuma alat bai shigo ba, netwok ya tsaya, yana nuna min waya ina nuna masa waya ga layi na jira ga indomi na ƙonewa. Wasu tsakani da Allah suke, wasu kuwa alat ɗin bogi ne, mun sha shi ba sau ɗaya ba.

Ranar nan da dare muna tattara kaya na ce Kawu gaskiya mu daina bada bashi, wanda ba shi da tsaba ya haƙura, in ba haka ba jarin zai karye. Ya kalle ni ya ce toh ɗan boko, in ka kori mai gadin can da ya kwana a waje ina zai sha ruwan zafi? Ya ciro wani littafin makaranta mai layi-layi ya miƙo min ya ce rubuta. Shikenan na zama magatakarda. Kafin sati biyu littafin ya kusa cika, kuma abin mamaki ba talakawa kaɗai bane a ciki, akwai ma'aikatan gwamnati masu albashi, akwai wani mai shadda da yake faka mota ya sha ruwan bunu da biredi ya ce a rubuta, yana sunkuyar da kai. 'Yan PDP da 'yan APC da suke neman cinye juna da baki duk suna shafi ɗaya, wani a saman wani. Su kansu matan da ke suyar masa a gefenmu haka suka koma, ka ci a rubuta. Da wannan bashin na junanmu unguwar ta rayu a watan nan, ban ga motar kamfen ko ɗaya da ta tsaya ta tambayi yadda muke ciki ba, waƙa dai suka ci gaba da sakar mana.

An ce wai an yi abin ne dan a hana sayen ƙuri'a. Toh ni dai abinda idona ya gani, sayen bai tsaya ba, kaya ya canza. Taliya, atamfa, sabulu, 'yar shinkafa a leda, wasu kuma a karɓi lambar asusu. Kuma wanda ya wuni bai riƙe naira ɗari ba ai ya fi sauƙin saye. Har gwamnonin jam'iyya mai mulki, Kaduna da Kogi da Zamfara, sai da suka kai ƙara kotun ƙoli. 16 ga Fabrairu Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 ta dawo, ku zo ku ga murna akan tsummar ɗari biyu, wadda da in an baka canji da ita sai ka ce a sauya maka. Kotu kuma sai 3 ga Maris ta ce tsoffin duka su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, lokacin an riga an yi zaɓen shugaban ƙasa tun 25 ga Fabrairu.

Na yi zaɓe, kar ku tambaye ni wa, Inna ma bata sani ba. Atiku ne ya ɗauki Bauchi, Tinubu ya ɗauki ƙasa, 18 ga Maris gwamnanmu Bala Ƙaura ya koma kujerarsa, bayan 'yan kwanaki aka ɗauki azumi, sanyi ya tafi zafi ya sauko, teburinmu ya koma na dare kawai. Bashin littafin nan mafi yawa an biya, wasu har da ƙari da godiya, mai shaddan nan ma ya aiko yaro da kiret ɗin ƙwai. Wasu kuma har yau in suka hango ni sai su tsallaka titi, ciki har da ɗan Ronaldon nan da ya dawo mana lokacin da mai shayin tsallake ya hana shi bashi.

Muna cewa an huta ashe 29 ga Mayu na tafe da cire tallafin mai, wanda shine ya yi sanadin da na bar teburin Kawu na nufi Gombe neman aiki a wani kamfanin casar shinkafa, da jaka ɗaya da kuɗin mota na aro. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu, dan labarin yadda muka rabu da Kawu ma kaɗai kashi guda ne. Masu tambaya ta akan maganar yarinyar Gwallameji kuma ku ƙara haƙuri, tana nan tafe.