Lita 3 da na bari a ƙarƙashin gado a Zabljak

Da hannuna na ciro robobin ruwan nan biyu daga jaka na tura su ƙarƙashin gado, kowace lita 1 da rabi. Ba wanda ya sa ni. Na ɗaga jakar ne na ji nauyi, na tuna hotunan da na kwana ina kallo, tafki nan tafki can, na ce wa abokin tafiyata, wani ɗan Damagaram da ya girme ni da shekara bakwai: "Yaya, ƙasar da ke da tafki 18 za mu ɗauki ruwa mu kai mata? Ai sai a yi mana dariya." Ya dube ni ya yi shiru, sannan ya ce, "To, kai ne ɗan boko." Muka fita da ƙananan robobi biyu, rabin lita kowace, mu biyu, za mu hau Bobotov Kuk, ƙololuwar tsaunin Durmitor a arewacin Montenegro, mai tsayin mita 2,523.

Ni da na tashi a Katsina, na san azumin watan Afrilu, na san bin 'yan garuwa da asuba. Ban taɓa kawowa a raina cewa ƙishirwar da za ta fi ba ni tsoro a rayuwa a Turai take jirana ba, kuma a wurin da dusar ƙanƙara ke rufewa watanni da dama a shekara.

Isowarmu Zabljak, wanda su suke faɗi kamar "Jablyak", ba ta da wani labari: bas daga Podgorica, babban birnin ƙasar, masauki a gidan wata dattijuwa, tuwon masararsu mai cuku da suke kira kacamak, wanda Yaya ya ce miyar kuka kawai ya rasa. Garin kansa yana wajen mita 1,450 sama da teku, shi ya sa ko a watan Yuli sai da muka sa rigar sanyi da safe. Ƙarfe shida muna bakin Crno Jezero, wato Baƙin Tafki, kuma nan ne aka ƙarasa yaudarata. Ruwa shimfiɗe, tsaunin Meded a tsaye a bayansa, kurmi ya zagaye shi da dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura, inuwarsu ce ta sa ruwan ya yi duhu har aka ba shi sunan. Cikin kurmin ƙasa a jiƙe take, gansakuka ta lulluɓe kututturan da suka faɗi suka ruɓe a inda suke, ba mai zuwa ya sare su ya kai murhu. Wanda ya ga yadda gatari ya cinye dazuzzukanmu dole abin ya tsaya masa a rai. Na ce wa Yaya, "Ka gani ko? Ina amfanin dakon ruwa a nan?" Ko robobin ban ƙara cikawa ba.

Awa ɗaya da rabi muna bin alamar hanya, jan da'ira mai farin ɗigo a tsakiya da ake shafawa a jikin itace da dutse. Sai itatuwan suka fara gajarta, suka koma tsuguno, suka ƙare. Abin da ya rage farin dutse ne iya ganinka, duk ya tsattsage, da ramuka kamar an kwakwule ƙwarya. Ba rafi, ba ƙorama, ko ƙarar ɗigon ruwa babu.

Dutsen nan mun san shi a gida, shi ake fasawa a Kalambaina da Ashaka da Malbaza a yi siminti. Abin da ban sani ba shi ne halinsa idan ya zama tsauni guda. Ruwan sama yana da ɗan tsami-tsami, yana cin dutsen a hankali, tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo. Don haka duk ruwan da ya sauka a saman Durmitor, kuma yana sauka da yawa, ba ya tsayawa ya yi rafi. Zurarewa yake ta cikin dutsen kamar an zuba a rariya, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, sai can ƙasa a cikin kwazazzabai ya ɓullo. Tafkunan da suka ruɗe ni suna zaune ne a kwaruruwan da ƙanƙarar zamanin da ta sassaƙa ta bar musu abin da ya toshe gindinsu. Tsakanin wannan tafki da wancan kuwa sai ka yi awa huɗu ba ka ga abin jiƙa leɓe ba. Kallon kitse na yi wa rogo.

A Lokvice, wani kwari da makiyaya ke kafa bukkoki da bazara, irin mashekarin Fulaninmu, su suna cewa katun, taswirar wayata ta nuna shuɗin ɗigo. Da muka isa, kududdufi ne da tumaki suka dama. A lokacin roba ɗaya ta riga ta ƙare. Nan ya kamata mu juya, ko mu nemi mai bukkar mu sayi abin sha. Yaya ma ya faɗa. Ni na ce ai mun ci rabi, a sama akwai dusar ƙanƙara, ita ma ruwa ce. Kuskure na biyu ke nan, kuma na farkon ne ya haife shi: wanda ya bar lita 3 a ƙarƙashin gado ba ya son ya yarda a gaban yayansa cewa ya yi wauta.

Daga nan zuwa kwarin da ake kira Valoviti Do rana ta buɗe sosai. Iskar tana da sanyi, shi ya sa ba ka jin kana zufa, amma farin dutsen yana maido maka da hasken a fuska, kuma kowane numfashi a wannan tsayin yana tafiya da ruwan jikinka. Dusar da na yi alkawari muka same ta, ragowar hunturu a gindin wani dutse, samanta baƙi-baƙi da ƙura da kashin dabbobi. Na kankare saman na cusa a roba na sa a cikin riga ta narke. Abin da ya fito bai kai kofin shayi ba. Na sha. Yaya ya ƙi, ya ce shi ya gwammace ƙishirwa da abin da bai san asalinsa ba.

Azahar ta same mu a kan tsakuwar da ke gangaren ƙarshe, wadda in ka taka uku sai ta maido ka ɗaya. Muka yi taimama da farin dutsen nan, muka yi ƙasaru. Bayan sallama Yaya ya ce, "Ƙanena, taimama a Turai. Wa zan ba wannan labari a Damagaram ya yarda?" Ban iya dariya ba, harshena ya manne.

Mun kai kafaɗar tsaunin, inda ake fara kama igiyar ƙarfen da aka kafa a jikin dutse don hawan ƙarshe. Daga can sama ana hango tafkunan Skrka biyu a ƙasa, shuɗaye shar, ɗaruruwan mitoci a ƙarƙashin ƙafarka, ba hanyar da za ka kai gare su a wannan halin. Ƙafata ta fara ɗaurewa, kaina yana sarawa, na miƙa hannu zan kama igiyar na ga yatsuna suna rawa. Yaya ya riƙe mini jaka ta baya ya ce, "Wallahi ba za ka hau ba. Ban zo nan don in kira mahaifiyarka a waya ba." Ƙololuwar tana nan a gabanmu, muna jin muryoyin waɗanda suka kai. Wasu mata biyu da ke saukowa suka ga yanayinmu suka ba mu rabin robarsu, kowace da lita 3 ta fito. Lita 3, daidai abin da ke kwance a ƙarƙashin gadona.

Saukowar ba na son tuna ta. Mun shiga gari bayan magariba. Dusar da na sha ta biya ni da gudawa kwana guda cur, kuma a ranar ce za mu shiga kwalekwalen roba a kogin Tara, mun riga mun biya kuɗin. Kuɗin ya tafi, nawa da na Yaya, don ya ƙi tafiya ya bar ni. Dattijuwar gidan da ta zo shara ta jawo robobin daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga su tana kallona tana magana da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane duka.

Wanda zai je, ya ɗauki lita 3 shi kaɗai, kada ya raba da kowa a lissafi, kuma kada ya yarda da shuɗin ɗigo a taswira. In ƙololuwar kawai yake so, ya nemi mota ta kai shi mashigar Sedlo, mita 1,907, daga can hawan ya fi gajarta nesa ba kusa ba. Mu ta tafki muka bi don ni na ce ta fi kyau. Ta fi kyan kuwa.

Rana ta uku na lallaɓa muka je gadar Durdevica Tara, wadda aka gama a 1940, tsawonta mita 365, kogin yana can ƙasa wajen mita 170. A 1942 ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka gina ta, Lazar Jaukovic, ya taimaka aka fasa wani ɓangarenta don tare sojojin Italiya, suka kama shi suka kashe shi a wurin. Kwazazzabon kansa zurfinsa ya kai mita 1,300 a wasu wurare, kuma a sama da gadar, ta hanyar Mojkovac, akwai kurmin Crna Poda mai itatuwan da suka haura shekara 400, wasu tsayinsu na neman mita 50. Duk wannan na gani, ya kuma cancanci gani. Amma abin da na tsaya na ƙura wa ido shi ne maɓuɓɓugar Ljutica, kusa da gadar, inda ruwa ke tumbatsowa daga cikin dutse fari fat da kumfa, yana ruri, ya faɗa Tara. Yaya ya dafa kafaɗata ya nuna shi da baki ya ce, "Ga ruwan naka can, ɗan boko. Ashe ta ƙasa ya biyo."